KIMIYYA DA LAFIYA: Mai Gadin Da Ba Ya Tambayar Suna

A cikin shekarar 1869 wani matashin likita mutumin Suwizalan, mai suna Friedrich Miescher, yana aiki a wani ɗakin bincike a garin Tubingen na ƙasar Jamus, ɗakin da a da can madafa ce ta gidan sarauta. Aikin da ya sa a gaba ba mai daɗin gani ba ne. Ya kan karɓo tsofaffin bandeji da aka kwance wa majiyyata a asibitin garin, ya wanke mugunyar da ke jikinsu, don ya tara fararen ƙwayoyin jini ya binciki abin da ke cikinsu. A nan ya tarar da wani abu wanda bai yi kama da furotin ba, bai kuma yi kama da kitse ba. Wannan abu shi ne a yau duniya ta sani da haruffan nan uku, DNA, watau zaren gado, wanda ke ɗauke da bayanin halittar kowane mai rai, tun daga launin fata har zuwa irin jinin da ke gudana a jijiya.

Fararen ƙwayoyin jinin nan su ne dakarun garkuwar jiki, mugunya kuwa gawarwakinsu ce bayan an gwabza. Miescher ya rasu a 1895 bai san amfanin abin da ya gano ba, balle ya san cewa dakarun nan, da galibin sauran ƙwayoyin halittar jiki, suna da mai gadi na musamman wanda ba shi da wani aiki sai jiran ranar da zai ga DNA a inda bai kamata ba. Sai da aka yi shekara 143 bayan aikin Tubingen kafin a gano ko wane ne wannan mai gadi.

Kafin a kai gare shi, wajibi ne mai karatu ya san tsarin gidan da ya ke gadi. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kowace ƙwaya kuwa tamkar gida ce mai katanga. A tsakiyarta akwai ɗaki rufaffe, masana na kiransa cibiya, a nan a ke ajiye DNA, zare mai tsawon kimanin mita 2 wanda aka naɗe shi dunƙule 46. Akwai kuma waɗansu ƙananan madafai da a ke kira mitokondiriya, inda a ke ƙona abinci ya zama ƙarfi, su ma suna riƙe da ɗan guntun DNA nasu a kulle. Abin da ya rage tsakanin katanga da ɗakin nan shi ne tsakar gida, wani ruwa-ruwa mai kauri inda a ke hidimar yau da kullum. Dokar gidan guda ce: DNA ba ya kwana a tsakar gida.

To, ga inda gizo ke saƙar. Garkuwar jiki ta saba gane abokan gaba ne ta kamanninsu. Bakteriya, alal misali, suna da wani irin bango, waɗansunsu da wata irin wutsiya, abubuwan da babu irinsu a jikin mutum. Da an hange su an san baƙo ya shigo. Amma DNA ɗin bairas da na bakteriya da na mutum duk da tubali iri ɗaya aka yi su, haruffa huɗu ne tak a ke ta jujjuyawa. Bairas kuwa, irin wanda ke kawo ƙarambau, kusan ba shi da kome sai DNA ɗinsa da 'yar rigar da ya lulluɓa da ita. Ya kan kutsa cikin ƙwayar halitta ya tuɓe rigar, ya mai da gidan wurin ƙyanƙyashe 'ya'yansa. Yaya za a gane ɓarawon da ya yi shiga irin ta masu gida? Amsar da jiki ya bayar mai sauƙi ce ƙwarai, mai haɗari kuma. Mai gadin ba ya karanta abin da aka rubuta a jikin zaren, ba ya tambayar na wane ne. Wurin da ya gan shi kawai ya ke dubawa. In a tsakar gida ne, sai kururuwa.

Ita kururuwar an daɗe da saninta. A 1957, a wata ma'aikatar binciken lafiya da ke unguwar Mill Hill a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka lura cewa ƙwayar halittar da bairas ya taɓa ta kan saki wani sinadari, wanda in ya isa ga maƙwabtanta sai su yi shiri, bairas ya zo ya kasa hayayyafa a cikinsu. Suka ba shi suna intafiron, ma'anarsa mai katsalandan. Saƙonsa ga maƙwabta shi ne maganar nan ta mutanen da: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ke ganin wutar tun farko ne aka yi ta nema ba a samu ba.

A 2006 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Jami'ar Yale ta Amurka, ɗaya a Osaka ta Japan, suka nuna cewa ba sai da bairas ba ma. In an ɗura tsurar DNA a tsakar gidan ƙwayar halitta, nan take za ta fara sakin intafiron. Bayan shekara biyu, a 2008, Glen Barber na Jami'ar Mayami ya gano wani furotin, ya kira shi STING, wanda in babu shi wannan kururuwa ba ta tashi. Sai dai STING tamkar mai shela ne, wanda ke jira a kawo masa saƙo daga bakin ƙofa. Daga nan aka shiga tsere. Ɗakunan bincike da dama suka yi ta fito da sunayen furotin iri-iri, kowa na cewa nasa ne mai gadin, amma da an cire wanda aka ambata daga jikin ɓera sai a ga kururuwar ba ta daina ba.

Wanda ya warware maganar shi ne Zhijian Chen, haifaffen lardin Fujian na ƙasar Sin, wanda ke aiki a makarantar likitoci ta Jami'ar Teksas a birnin Dalas. Hanyar da ya bi tsohuwa ce, irin ta masu haƙuri, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Shi da abokan aikinsa suka ɗura DNA cikin ƙwayoyin halittar ɓera, suka farfasa su, suka tace ruwan, sa'an nan suka zuba ruwan nan kan waɗansu ƙwayoyi daban masu STING. Kururuwa ta tashi. Watau akwai wani saƙo a cikin ruwan. Sai suka dafa ruwan har kusan tafasa, zafin da ke lalata galibin furotin kamar yadda ya ke daskarar da farin ƙwai, amma saƙon bai mutu ba. Suka zuba sinadarin da ke narkar da DNA, saƙon yana nan. Ashe ɗan saƙon wani ɗan mitsitsin sinadari ne mai siffar zobe, wanda ba a taɓa ganin irinsa a jikin dabba ba. Suka kira shi cGAMP. Da suka samu zoben, sai suka bi sawu suna neman maƙerinsa, suna rarraba ruwan kashi-kashi suna zubar da wanda ba ya aiki, har suka iso ga wani furotin da ba wanda ya san amfaninsa, wanda a kundin masana ma lamba ce kawai sunansa. Shi ne cGAS, mai gadin. An bayyana sakamakon a watan Disamba na 2012, a 2024 kuma aka ba Chen lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki.

Yadda abin ke gudana ke nan. cGAS ya kan kama zaren DNA ta gefensa, inda babu rubutu, shi ya sa duk zaren da ya kai wani tsawo ɗaya ne a wurinsa. Kamawar ta kan sauya masa siffa, sai ya ɗauki sinadarai biyu da ke zube ko'ina a tsakar gida, ATP da GTP, ya ƙera zoben. Zoben ya je ya zauna a jikin STING, shi kuma ya tashi daga mazauninsa ya tayar da waɗansu furotin, su shiga cibiya su buɗe shafukan da ke ɗauke da umurnin yin intafiron da sauran sinadarai masu kiran dakaru. Zoben ma ya kan zurara ta 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya faɗakar da maƙwabta kai tsaye, kamar yadda matan gidaje biyu ke miƙa wa juna magana ta kan katanga. Sakamakon duka shi ne halin da likitoci ke kira kumburi, ko da ya ke a bakinsu kalmar ta fi tasowar fata faɗi. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu, watau ja da tasowa da zafi da raɗaɗi.

Mai karatu mai lura zai ce, to ai duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu bangon cibiya ya kan rushe, DNA ɗin maigida ya fito fili. Me ya hana kururuwa? Tambaya ce mai kyau, an kuwa amsa ta a 2020. DNA ɗin mutum a naɗe ya ke jikin waɗansu 'yan ƙwarƙwaro na furotin, kuma su waɗannan ƙwarƙwaro suna da wurin da ke damƙe cGAS ya ɗaure shi tamau, ya zauna kusa da zaren amma ba ya iya aiki.

Akwai mai gadi na biyu, AIM2, wanda ƙungiyoyi huɗu suka bayyana aikinsa a 2009, kuma shi ya fi zafin kai. In ya kama DNA a tsakar gida ya kan tara wata runduna ta furotin wadda ke sakin sinadarin da ke ta da zazzaɓi, sa'an nan ta huda katangar ƙwayar ta fashe. Gidan ya rushe, amma ɓarawo ya rasa maɓoya.

Tsarin da ba ya tambayar suna dole wata rana ya kama ɗan gida. Ƙwayar halitta kullum tana zubar da 'yan gutsattsarin DNA nata, wajen gyara da wajen kwafi, saboda haka tana da masu shara. Babba a cikinsu shi ne TREX1, wanda ke bin tsakar gida yana narkar da duk guntun da ya faɗo kafin mai gadi ya gani. A 1984 likitocin yara biyu a birnin Faris, Jean Aicardi da Françoise Goutières, suka ba da labarin yara 8 masu wata cuta mai ɗaure kai. Jarirai ne da ƙwaƙwalwarsu ke lalacewa, kansu ba ya girma yadda ya kamata, ruwan ƙashin bayansu cike da fararen ƙwayoyin jini, kome da kome kamar yaron da bairas ya kama tun yana ciki. Aka yi ta neman bairas ɗin, babu shi. Daga baya aka auna ruwan aka tarar da intafiron mai yawa, watau jiki na ta yaƙi alhali ba maƙiyi. Sai a 2006 Yanick Crow, likita a Ingila, ya nuna cewa waɗansu daga cikin masu wannan cuta an haife su ne da TREX1 marar aiki. Galibi yaro ya kan gaji lahanin ne ta wajen uwa da uba duka, kamar yadda a ke gadon sikila, iyayen kuwa lafiyarsu lau. Da yawa daga cikin yaran ba sa iya tafiya ko magana, waɗansu kuma yatsunsu da kunnuwansu su kan yi gyambo in sanyi ya taɓa su.

Hujjar da ta ɗaure maganar daga ɓeraye ta fito. Ɓeran da aka haifa ba TREX1 ya kan mutu da wuri saboda kumburin zuciya. A 2015 aka nuna cewa in an cire masa cGAS shi ma, sai ya rayu lafiya. Sharar tana nan zube, amma da ya ke ba mai ganinta, ba ta cutar da kowa. Ashe kururuwar ce ke kisa. A 2014 ma likitoci a Amurka sun bayyana yara 6 waɗanda nasu lahanin a jikin STING ya ke: mai shelar ya maƙale yana ta shela ko ba a aiko shi ba, har huhunsu ya tabu, fatar hanci da ta yatsu ta lalace.

Waɗannan cututtuka ba su da yawa a duniya. Wadda ta fi shafar jama'a ita ce tarin fuka, wanda bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ya kama mutum miliyan 10.8 a 2023, ya kashe kimanin miliyan 1.25, Nijeriya kuwa ita ce ta shida a yawan masu ɗauke da shi a shekarar. Ƙwayar tarin fuka in ta shiga huhu, wata babbar farar ƙwayar jini ta kan haɗiye ta, ta kulle ta cikin wata 'yar jaka don ta narkar da ita. Amma ƙwayar cutar tana da abin huda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta ɓula jakar, DNA ya tsiyayo tsakar gida, cGAS ya gani. Ƙungiyoyi uku ne suka tabbatar da haka a 2015. Wani ɓangare na abin da ke biyo baya alheri ne, don STING ya kan sa a sake naɗe ƙwayar cutar a tura ta wurin narkarwa. Amma intafiron ɗin da a ke saki makamin yaƙi da bairas ne, in ya yi yawa ya kan danne irin martanin da ya fi dacewa da bakteriya. Tun a 2010 ƙungiyar Anne O'Garra a Landan ta auna jinin masu tarin fuka a Ingila da Afirka ta Kudu, ta ga sawun intafiron baro-baro a cikinsa, mai ƙaruwa gwargwadon ɓarnar da ke huhu, mai dusashewa in an sha magani. Da wuya a kalli wannan a kasa zargin cewa ƙwayar cutar da gangan ta ke taɓa ƙararrawar, don dakaru su fito da makamin da bai dace ba. Wani abin lura kuma, allurar BCG da a ke yi wa jarirai a kafaɗa, wadda aka fara amfani da ita a 1921, ƙwayar da ke cikinta ta rasa abin hudan nan ne tun sa'ad da Calmette da Guérin ke ta rainonta shekara da shekaru a ɗakin bincike, wannan na cikin dalilan da suka sa ba ta haddasa cuta ga mai lafiya.

Su ma bairas ba su zauna haka nan ba. A 2019 aka gano a Jami'ar Harvard cewa bairas ɗin da aka yi amfani da shi wajen lambar rigakafin agana yana ƙera wani sinadari wanda aikinsa kawai tsinka zoben cGAMP kafin ya isa ga mai shela.

Masu haɗa magunguna sun kasu biyu a kan wannan ilmi, waɗansu na son ƙara wa kururuwar ƙarfi, waɗansu na son kashe ta. Na farkon ciwon daji su ke hari, domin ƙwayoyin daji su kan zubar da DNA a tsakar gidansu, in an tayar da STING a kusa da su dakarun jiki su kan far musu. Labarin wani magani mai suna DMXAA ya isa ya sa a yi hattara da ɗoki. An haɗa shi a Niyu Zilan, ya narkar da ƙari a jikin ɓeraye har abin ya ba da mamaki, aka kai shi babban gwaji kan masu dajin huhu fiye da 1,200, aka dakatar a 2010 don bai tsinana kome ba. A lokacin ba wanda ya san dalili. Sai a 2013 aka gane cewa maganin STING ɗin ɓera ya ke kamawa, na mutum kuwa siffarsa ta ɗan bambanta, ba ya zama a jikinsa. An kashe dukiya da shekaru, an sa ran marasa lafiya, kan maganin da tun farko na ɓera ne. Magungunan da aka ƙera daga baya don STING ɗin mutum ma, gwaje-gwajensu na farko ba su ba da abin da aka zata ba in an yi amfani da su su kaɗai.

Ɓangaren masu kashe kururuwa ya fi samun abin nunawa, ko da ya ke ta bayan gida suka biyo. Akwai wani magani mai suna baricitinib, wanda aka yi domin ciwon gaɓoɓi, aikinsa toshe kunnen ƙwayoyin halitta kada su ji saƙon intafiron. A 2020 likitoci a birnin Filadelfiya suka ba da rahoton majiyyata 35 masu cutar Aicardi da Goutières da aka ɗora a kansa. Gyambon fata ya lafa, waɗansu yaran suka fara abin da ba su iya ba a da, kamar riƙe kai da zama da furta kalmomi. Maganin ba ya mai da abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa, shi ya sa likitoci ke son a gane cutar tun jariri na 'yan watanni. Kuma da ya ke kunnen da aka toshe shi ne wanda ke jin kururuwar gaskiya ranar da bairas ya shigo, yaran da ke shan maganin a kan riƙa auna jininsu da fitsarinsu a kai a kai, ana neman ƙwayoyin cutar da jiki mai cikakkiyar garkuwa kan danne ba tare da mai shi ya sani ba.